Firem ɗin Hoto na Lantarki da Kafa Hotunan Iyali a Gidajen Cikin Birnin Kano

Firem ɗin hoto na lantarki wata ƙaramar na'ura ce mai allo, wadda ake ɗorawa a kan tebur ko a rataye a bango domin ta riƙa nuna hotuna ɗaya bayan ɗaya ba tare da an wanke su a takarda ba. A ido ba ta da maraba da firem ɗin katako da gilashi da aka saba gani, sai dai a maimakon hoto guda tana ɗaukar ɗaruruwa ko dubbai, tana sauya su gwargwadon lokacin da aka saita mata. Wasu na ce mata firem ɗin dijital. A unguwannin cikin badala, irin su Yakasai, Mandawari, Kurawa, Koki da Madabo, na'urar ba ta zama ruwan dare ba, domin wayar hannu da talabijin ɗin bango sun riga ta karɓe aikin. Duk da haka ta cancanci bayani, saboda ta taras da tambayar da gidajen birni suka daɗe suna amsawa: hoton wa za a kafa, a wane ɗaki, kuma idon wa aka yarda ya gani.

Shigowar hoto birnin Kano

An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a Faransa a 1839. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, zane ya koma da shi, kuma surar birnin da aka buga a littafinsa, wadda ke nuna gari daga kan Dala, aikin hannu ce. A wannan yanki namu, kyamara ta fara zama a bakin teku, a biranen Firitawun da Akara da Ikko, inda 'yan Afirka da kansu suka riƙe sana'ar tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare. Ta shigo Kano sosai ne bayan Turawan Ingila sun ci birnin a watan Fabrairun 1903. Hotunan farko na jami'an mulkin mallaka ne, kuma abin da ya dame su shi suka ɗauka: ganuwa, ƙofofi, fada, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, da manyan hawa irin na 1913 da wanda aka yi wa Yariman Ingila a 1925. Talaka, in ya fito a ciki, ya fito ne ba da sunansa ba.

Da layin dogo ya iso a 1911 aka kuma kafa Sabon Gari, sai masu sana'a daga kudu suka buɗe shagunan hoto a wajen ganuwa. Mutumin birni yakan fita can ne idan buƙata ta kama shi. Buƙatun kuwa sun yi ta ƙaruwa: takardar makaranta, neman aikin gwamnati ko na En'e, lasisin tuƙi, sannan fasfo, musamman da tafiya aikin Hajji ta jirgin sama ta kankama daga filin jirgin Kano a shekarun 1950. A gidaje da dama hoton fasfo shi ne hoton farko da kakan gida ya taɓa ɗauka, wani lokaci kuma shi ne na ƙarshe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta taimaka wajen sabar wa masu karatun boko ganin fuskokin sarakuna da shugabanni a takarda.

Daga baya 'yan gari suka shiga sana'ar. Mai hoto ya zama ɗan unguwa, yana yawo da kyamara a wuya ranar Sallah da wajen biki da suna. Fim guda yakan ɗauki hoto 24 ko 36, a kai wanki, a dawo bayan kwanaki a karɓa. Hoto mai kala ya yawaita a shekarun 1980. Wayar salula ta zo a 2001, kuma cikin shekaru kaɗan wayoyi masu kyamara suka cika Farm Centre da titin Beirut. Tun daga nan ɗaukar hoto ya ninka ba adadi, wankinsa kuma ya ja baya ƙwarai.

Muhallin hoto a cikin gida

Ba a fahimtar al'adar kafa hoto a birni sai an dubi ginin gidan kansa. Gidan gargajiya a jere yake daga waje zuwa ciki: soro ko zaure, inda maigida ke karɓar baƙi maza, sai ƙofar gida da shigifa, sai tsakar gida da ɗakunan mata, da turakar maigida. Baƙon da ba muharrami ba iyakarsa soro. Rubutun "ba a shiga" da ake gani a bakin ƙofofi tsarin nan yake tunatarwa. Hoto ma wannan ƙa'ida ya bi.

Abin da ake kafawa a soro da shago da falon baƙi na kowa da kowa ne. Akwai hoton Ka'aba da masallacin Madina, galibi tsarabar alhazai, da kalanda mai ayoyi. Akwai hotunan shugabanni, waɗanda ke faɗa wa mai shigowa inda maigida ya dosa tun kafin a gama gaisawa: Sarki Ado Bayero, wanda ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014, Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, a gidajen 'yan NEPU da PRP da zuriyarsu, Sardauna Ahmadu Bello, Janar Murtala Muhammad. A gidajen 'yan Tijjaniyya ba a rasa hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, a na 'yan Ƙadiriyya kuma na Shehu Nasiru Kabara. Idan hoton ɗan gida ya fito nan, to na maigida ne da babbar riga, ko na ɗa da kakin bautar ƙasa, ko na yaro ranar saukar Alƙur'ani riƙe da allon zayyana.

Hotunan mata a ciki suke zama. Ɗakin amarya ya riga ya saba da nuni tun kafin kyamara, domin jere tsohuwar al'ada ce: tasoshi da languna da kwalla da samira a jere har kusa da rufi, farantan tangaran a manne a bango, kowanne yana shaida ƙoƙarin iyayen yarinya. Da kabad mai gilashi ya maye gurbin tulin kwanuka, sai firem ɗin hoton biki ya sami wuri a kansa, ko a saman madubi. Masu ganinsa su ne mijin, da 'yan'uwa, da matan da ke shigowa barka ko ganin ɗaki.

Sai albam, wanda shi ne ainihin ma'ajiyar tarihin gida. Ba a barinsa a fili. Yana cikin akwati ko adaka ko ƙarƙashin katifa, sai baƙuwa ta zauna an kawo mata ruwa sannan a ɗauko. Kallon albam hira ce: wannan Yaya ce ranar kamu, wannan Baba ne da ya dawo daga Makka, wannan Goggo ce kafin a kai ta Gwammaja. Matar gidan ke riƙe da shafi, ita ke zaɓar inda za a tsaya da inda za a wuce da sauri. Wannan iko na zaɓi shi ne jigon al'adar, kuma da shi ya kamata a auna kowace sabuwar na'urar nuna hoto.

Idan aka yi rasuwa, gidaje da yawa sukan sauke hoton mamacin daga bango su adana, wasu don gudun tayar da baƙin ciki, wasu don abin da suka ji daga malamai. Wasu gidajen kuwa a lokacin ne suke kai ƙaramin hotonsa a faɗaɗa a sa a firem.

Matsayin malamai

Maganar hoto a Kano ba ta rabuwa da fiƙihu. Tushenta hadisai ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, masu tsoratarwa game da masu yin surar abu mai rai, da masu nuna cewa mala'iku suna ƙaurace wa ɗakin da ke da sura, da kuma labarin labulen Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda aka yanka aka mayar matasai. Babu saɓani kan ingancin waɗannan hadisai. Saɓanin yana kan wace irin sura ake nufi.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantawa a zaurukan birni, malamai sun rarrabe. Surar mutum ko dabba mai jiki, wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, haramun ce. Wadda aka zana a shimfiɗe, a bango ko a takarda, makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, idan kuwa a abin takawa ko jingina take, barinta ya fi. Surar bishiya ko gini ko jirgi babu laifi a cikinta. Risalar Ibn Abi Zaid ta taɓo batun surori a jikin gado da bango da zobe, masu sharhin Muhtasar na Halil kuma sun yi bayaninsa a babin walima, inda ake lissafa abubuwan da ke sauke wa mutum wajibcin amsa gayyata.

Da kyamara ta zo sai aka sake buɗe babin. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya zama Muftin Masar a 1914, ya rubuta risala yana halatta hoton kyamara, bisa hujjar cewa tsare inuwar halitta ne kamar yadda madubi ke nunawa, mai ɗaukar bai ƙagi wata sura da hannunsa ba. Shaihu Yusuf al-Ƙardawi ya bi wannan hanya a littafinsa na halal da haram na 1960. A ɗaya ɓangaren, Shaihu Ibn Baz da kwamitin fatawa na Saudiyya da Shaihu Albani sun hana, sai don lalura kamar fasfo da katin shaida. Shaihu Ibn Usaimin ya tsaya a tsakani: bai ɗauki hoton kyamara na nan take a matsayin surantawar da aka hana ba, amma ya hana rataye hoton mutum a bango. Waɗannan ra'ayoyi duka suna da mabiya a Kano. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azi kan rataye hotuna ya ƙaru, musamman hotunan shehunnai, inda masu sukar ke ganin ƙofa ce ta wuce iyaka wajen girmamawa, masu yi kuma ke cewa ƙauna ce da tunawa da malami.

Hoton allo ya ƙara wani reshe. Wasu malaman zamani, cikinsu har da Mufti Taƙi Usmani na Pakistan, suna ganin abin da ke bayyana a allon lantarki ba sura ce tabbatacciya ba muddin ba a buga shi a takarda ba, tunda haske ne da ke zuwa ya wuce. Wasu ba su yarda da wannan bambanci ba. Ko da wanne mutum ya ɗauka, akwai abu guda na zahiri: firem ɗin lantarki ana kashe shi, kuma idan an kashe babu sura a bangon. Mai son yin salla a ɗakin yana iya kashewa, haka wanda baƙonsa ba ya son zama inda hoto yake. Wanda kuma ba ya son surar mai rai sam yana iya cika shi da ayoyi da zayyana da hotunan Harami da na tsofaffin gine-ginen birni. Hukunci dai na malamai ne, kuma daidai ne kowane gida ya tambayi malamin da ya amince da shi kafin ya saya.

Asalin na'urar da yadda take aiki

Injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Nauyinta ya haura kilo 3, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda baƙi-da-fari a kaset. Sai a ƙarshen shekarun 1990 irin waɗannan kyamarori suka shiga hannun jama'a, mutane suka tara hotuna a kwamfuta ba mai ganinsu. Firem ɗin lantarki amsar wannan matsala ce. Sony ya fitar da nasa a 1999, kamfanin Ceiva na Amurka kuma ya kawo wanda ake jona wa layin tarho, ya riƙa ɗauko sababbin hotuna da dare bisa kuɗin rajista. Kasuwar ta yi tashe wajen 2007 da 2008, sannan manyan wayoyi da kwamfutar hannu suka danne ta. Ta sake farfaɗowa da zuwan masu haɗuwa da intanet, irin su Nixplay da Aura da Skylight, da ɗimbin masu araha ƙirar Sin da ke aiki da manhajar Frameo.

Kayanta ba su da yawa: allo mai fitila a bayansa, ƙaramar ƙwaƙwalwa, ma'ajiya, da adafta mai rage wutar gida zuwa bolt 5 ko 12. Girman allo yakan kama daga inci 7 zuwa 15. Kaifin hoto ya dogara da yawan ɗigon da ke allon. Mai 800 da 480 yana nuna fuska dishi-dishi idan an matso, mai 1280 da 800 ya wadatar a inci 10, mai 1920 da 1080 kuma ya fi dacewa da babba. Allon da ake kira IPS yana riƙe kalarsa ko daga gefe aka kalla, wanda abin lura ne a ɗakin da ake zama a tabarma ko kafet ana ɗaga kai sama. Mai arha yakan yi duhu ko ya koɗe daga wannan kusurwar.

Iri biyu ne a taƙaice. Na farko ba ruwansa da intanet: a zuba hotuna a katin memori ko filash, a soka, a kunna. Na biyu yana kama waifai, kuma duk wanda aka ba lambar shiga yana iya turo hoto daga wayarsa ko yana wace ƙasa. Wannan na biyun shi ya fi jan hankalin iyalan da 'ya'yansu ke Abuja ko Legas ko Jidda ko Landan, domin tsohuwar da ba ta iya latsa waya ba za ta ga jikanta ranar suna ba tare da ta nemi wani ya buɗe mata ba. Sharaɗinsa shi ne a sami intanet mai ɗorewa a gidan, abin da a birni yakan zama ƙaramar na'urar waifai mai layin waya da ake saya wa data.

Wajen ɗaukar hotuna babu matsi. Hoton waya yakan kai megabait 2 zuwa 5, don haka kati mai gigabait 16 zai ɗauki wajen 4,000 idan kowanne megabait 4 ne. Matsalolin da aka fi cin karo da su ƙanana ne. Yawancin firem sun fi gane hoto nau'in JPEG, alhali wayoyin iPhone tun 2017 suna adanawa a nau'in HEIC, wanda sai an juya shi tsofaffin firem ke karantawa. Da yawa ba sa karɓar katin da ya wuce gigabait 32. Hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp an matse shi, yakan yi kyau a waya amma ya fashe a babban allo, sai dai a turo shi a matsayin fayil. Akwai kuma bambancin tsayi da faɗi: hoton waya galibi a tsaye ake ɗaukarsa, firem kuma a kwance ake ajiye shi, sai na'urar ta bar baƙi a gefe biyu ko ta yanke sama da ƙasa. A hoton Bahaushe abin da ake yankewa shi ne hula da rawani da ɗaurin ɗankwali, don haka gara a saita ta ta nuna hoto cikakke.

Wuta da ƙura da zafi

Firem ba ya cin wuta sosai. Ƙarami yana jan wat 5 zuwa 10, wato mai wat 6 da aka bari awa 10 kullum bai kai yunit 2 a wata ba. Damuwar ita ce samun wutar. Yawancinsu ba su da batiri, ana ɗauke wuta suke mutuwa. Kamfanin KEDCO, mai rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, yana bin tsarin rukuni-rukuni na ƙasa, inda rukunin A ke da alkawarin awa 20 a rana, rukunin E kuma awa 4. A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Saboda haka firem ya fi amfani a gidan da ke da sola ko inbata. Wanda ke aiki da bolt 5 ta igiyar USB ana iya jona shi da fawa-banki. Ya kamata a duba ko na'urar tana tashi da kanta ta ci gaba da nuni idan an kawo wuta, domin wadda sai an sake saita ta kowane lokaci ba ta daɗewa ake gajiya da ita a mayar kwali. Wutar da ke dawowa da ƙarfi, ko ta janareto mai hawa da sauka, adafta take fara ƙonawa, kuma sitabilaiza ko soket mai kariya na rage wannan asara.

Yanayin Kano ma yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu tana shiga ramin kati da kafofin iska, kuma goge allo da tsumma mai kaushi yana karce shi. Ƙyalle mai laushi ake so, bayan an hure ƙurar. A bazara zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, don haka ba a ajiye shi inda rana ke bugawa ta taga ko dab da rufin kwano. A damina bangon ƙasa yana riƙe danshi, gara a ɗora shi a kan kabad da a manna shi a jikin bango. Ƙusa ma ba ta kama ginin tubali da kyau.

Sirrin gida

Nan ne ya fi kamata a tsaya. Firem ɗin katako hoto ɗaya yake nunawa, wanda aka zaɓa da sani. Na lantarki duk abin da aka zuba masa yake fitarwa, kuma ba ya sanin wanda ke zaune a gabansa. Idan aka kwashe hotunan waya gaba ɗaya aka juye a kati aka sa a falo, to hoton matar gida ba mayafi, ko na 'yan mata ranar ƙunshi, ko na maijego a gadon asibiti, zai bayyana a gaban abokin maigida ko mai gyaran wuta. Abin da soro da shigifa suka tsare shekara da shekaru sai allo ya fitar cikin daƙiƙa biyar. Kuma mai waya yana iya ɗaukar hoton allon ya tafi da shi.

Maganin yana cikin tsarin da gidan ya riga ya sani. A ware hotuna gida biyu, na falo da na ɗaki, kowanne da katinsa ko jakarsa. A nemi izinin mai hoto kafin a sa, musamman matan aure da surukai da 'ya'yan maƙwabta da suka fito a hoton biki. A firem mai intanet a taƙaita waɗanda ke da ikon turowa, a kuma duba abin da ya shigo kafin a bar shi yana juyawa. Idan aure ya mutu ko zumunci ya yi tsami, a cire mutum daga jerin masu turowa, a kuma mutunta wadda ta ce a goge hotonta.

Akwai kuma inda hotunan ke kwana. Wasu firem masu intanet suna ajiye kwafi a rumbun kamfani a wata ƙasa, wasu kuma a cikin na'urar kawai. Mai saye ya karanta ya san wanne ya ɗauko. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, kuma Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, sai dai bin haƙƙi a kan kamfanin da ke wata nahiya ba ƙaramin aiki ba ne. Tsaron na'urar kanta ma abin dubawa ne: a farkon 2008 kantin Best Buy na Amurka ya janye wani firem ƙirar Insignia bayan an gano yana ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta tun daga masana'anta. Idan za a sayar da firem ko a kai gyara, a zare kati a goge ma'ajiyarsa tukuna.

Tsofaffin hotuna

Babban alherin da na'urar za ta iya yi wa gidan birni shi ne ta sa a buɗe akwati. Hotunan takarda suna lalacewa a hankali: masu kala na shekarun 1980 suna rinewa zuwa ja, danshi yana manne su da gilashi ko ledar albam, gara da kyankyaso suna ci, ambaliya da rushewar ɗaki a damina suna tafiya da wasu, rabon gado kuma yana warwatsa sauran. Ana iya ɗaukar su da na'urar sikanin a shagunan kwamfuta, a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci ga hoto madaidaici, 600 ga ƙarami irin na fasfo. Waya mai kyau ma tana yi, idan an shimfiɗa hoton a inuwa mai haske aka kashe fitilar kyamara. Wanda ya manne da gilashi kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi yadda yake. Manhajojin da ke gyara tsohon hoto su sa masa kala suna ƙirƙirar abin da babu, har su sauya kamannin fuska su shafe tsagen gado, don haka a riƙe na asali daban.

Amma firem faranti ne, ba rumbu ba. Katin memori yana mutuwa ba sallama, allo yana fashewa, kamfani yana rufewa. Kodak da kansa ya shiga fatarar kuɗi a 2012, aka rufe shafinsa na ajiyar hotuna aka mayar da su hannun wani kamfani. Duk hoton da ke da daraja ya kamata ya zauna a wuri uku: na takarda a busasshen akwati, kwafi a kwamfuta ko filash, da wani kwafin a hannun ɗan'uwa a wani gida.

Abin da ya fi saurin ɓata kuwa shi ne suna. Gidan Makama, wanda aka mayar gidan tarihi, yana nuna tsofaffin hotunan sarakuna da ƙofofi da hawan Sallah, amma fuskokin marina da dukawa da maƙera da fatake da matan da suka riƙe gidajen birni suna cikin albam ɗin iyalai, kuma galibi tsohuwa ɗaya ce ta rage da ta san wane ne wane. Albam yana zuwa da mai bayani, allo kuwa shi kaɗai yake juyawa. Yawancin firem suna ba da damar rubuta ɗan bayani a ƙarƙashin hoto, inda babu kuma ana iya rubutawa a sunan fayil. Duk mai niyyar sa wa iyayensa wannan na'ura, ya fara zama da Hajiya ko Baba da albam a gaba, ya rubuta sunan kowa da unguwarsa da shekarar da aka ɗauka da dalilin taron, tun masu sanin suna raye.